Baffa Bai Taɓa Cewa Ya Gama Ba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, wannan babu mai musu. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda tun ba a kakkaɓe ƙasar maƙabarta daga ƙafa ba mutane suka ba Baffa digirin da jami'a ba ta ba shi ba. Muna shigowa lungunmu na gindin Dala wani dattijo mai sayar da fata a Kurmi ya riƙe hannuna ya ce, "Sai haƙuri, Allah ya jiƙan Dakta." Na ce amin. Na bayansa ma ya ce Dakta. Kafin azahar zauren gidanmu ya cika da Dakta, har daga bakin waɗanda suke yi masa dariya a bayan ido lokacin da yake da rai.

Ba kowa ba dai. Akwai mutum biyu da ke raɗa a bayana, suna zaton hankalina ba ya wurinsu. Ɗaya ya ce, "Wai ashe har ya rasu bai gama bokon nan ba?" Ɗayan ya ce, "Mutum da jikoki cike da gida, ina shi ina aji?" Maƙwabcinmu na katanga ɗaya kuwa kuka kawai yake yi yana share fuska da hannun riga. Daga cikin gida ana jiyo Umma, matar Baffa, tana amsa gaisuwar mata da muryar da ta dishe.

Can bakin ƙofa, inda ake tuɓe takalma, wani mutum ya zauna a ƙasa da shaddarsa mai tsada. An yi an yi ya hau tabarma, ya ƙi. Farfesa ne, malamin da ke duba aikin Baffa a tsangayar shari'a. Duk sanda na ɗaga kai na gan shi sai raina ya ɓaci. Ranar nan mutum biyu nake jin haushinsu a duniya, ɗaya yana zaune cikin takalma, ɗayan mun baro shi a kabari. Na san ba haka ake fara ta'aziyya ba. Amma in na rubuta cewa Baffa bai taɓa ɓata wa kowa rai ba, shi ne zai fara ƙaryata ni, don bai yarda da shaidar zur ba ko da ta yabo ce.

Baffa yayan mahaifina ne, a hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifina. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Abba, don sunan mahaifinsu na ci. Magatakardan kotu ne har ya yi ritaya. Digirinsa na farko da yamma ya yi shi yana aiki, na biyu kuma bayan ya ajiye aiki. Amma kafin duk wannan, ɗan zaure ne. Tun yana saurayi yake ɗaukar karatu a gidan Malam da ke bayan layinmu, kuma a can ya kwaso ɗabi'ar da ta wahalar da mu duka. A zaure ɗalibi ba ya cewa ya gama littafi. Malami ne zai ce ya isa, ɗauko na gaba. Baffa yakan ba mu labarin yadda ya sauke wani ƙaramin littafin fiƙihu, Malam ya sha'afa bai ce masa komai ba, sai kawai ya koma shafin farko. Ya sake saukewa, ya sake komawa. Sai da Malam da kansa ya ce, "Kai, ba mun wuce nan ba?" Baffa yana ba da labarin nan yana murmushi, wai shi abin alfahari. Yakan rufe da cewa, "Ni ban taɓa sallamar kaina daga gaban malami ba." Muna yara muna dariya. Ba mu san a kanmu abin zai ƙare ba.

Ranar da ya ce zai koma jami'a neman digirin digirgir a fannin shari'a, Umma ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Malam, wa zai ɗauke ka aiki da furfurar nan?"

"Ba aiki nake nema ba, Hajiya. Akwai abin da na gani a kotu, ban ga an rubuta shi ba."

Abin da ya gani rigimar maƙwabta ce a cikin birni. Gidajenmu a manne suke, katanga ɗaya gida biyu. Indararon wannan yana zuba a jikin bangon wancan, kwatar wani ta bi ta ƙofar wani. Yawancin irin wannan rigima ba ta kaiwa gaban alƙali, a zauren mai unguwa ake kashe ta, da ƙa'idojin da kowa ya sani amma babu su a takarda. Baffa yana so ya jera su kusa da abin da malaman fiƙihu suka faɗa da abin da dokar ƙasa ta ce, a ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Ni malamin sakandare ne, ni ke da kwamfuta a gidan, saboda haka ba a ma tambaye ni ba. Shi ya rubuta da hannu, ni in buga.

Da zarar hadari ya haɗu, kowa na gudu gida, Baffa na neman lema. Yakan bi lunguna yana duba inda ruwan kowane indararo yake sauka, ya dawo sharkaf yana murna. A irin wannan yawon ne ya gano indararon gidanmu yana cin gindin katangar maƙwabci. Maƙwabcin bai taɓa ƙorafi ba, don nauyin Baffa yake ji. Baffa ya shiga ɗaki ya duba abin da shi kansa ya rubuta a babi na uku, ya fito ya ce hukunci ya hau kanmu. Aka kira magini aka juyo da indararon cikin tsakar gidanmu, aka yaɓe wa maƙwabci katangarsa. Tun daga nan duk damina sai ruwa ya kwanta a ƙofar madafar Umma, ita kuma ta tsaya a ciki har idon sawu ta ɗaga murya, "Ga digirinku nan, ku zo ku kwashe." Wannan maƙwabcin ne yake kuka a zaure.

Matsalar ta fara ne ranar da tsangaya ta raba ɗalibai ga malamai. Baffa ya faɗa hannun Farfesa, Farfesa kuwa shi ne autan Malam, Malam na zaure. Ni na raka shi ranar farko. Muka sauka daga adaidaita sahu, muka hau bene a hankali saboda gwiwarsa. Baffa ya yi sallama, ya tuɓe takalma a ƙofar ofis, ya durƙusa. Farfesa ya zabura daga kujera har ya ture kofin shayi, ya zagayo ya durƙusa shi ma, ƙasa da Baffa.

"Baffa, don Allah ka tashi."

"Allah gafarta Malam, ɗalibi ba ya riga malaminsa tashi."

"Baffa, ni fa ɗanka ne."

"A gida. Nan makaranta ce."

Ina tsaye riƙe da jaka, ɗalibai suna wucewa suna leƙe. Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne sai na ce to a zauna a ƙasa gaba ɗaya. Haka aka yi, haka kuma aka ci gaba da yi. Duk zaman da suka yi a ofishin nan a kan dardumar salla suka yi shi, kujeru suna tsaye babu kowa a kai.

A tsangayar nan an san Farfesa da jan biro. Na sha ganin ƙarti masu gemu suna fitowa daga ofishinsa ido ya yi ja. Amma aikin Baffa da fensir yake duba shi, rubutu ƙanana a gefen shafi, ya ƙara da "in Baffa ya ga dama". Shekarun farko abin ya tafi daidai, don akwai gyara na gaske, Baffa kuma yana gyarawa. Ya gabatar da aikin a gaban malaman tsangaya, aka tafa masa. Daga nan ne muka shiga uku. Baffa zai kai kundi, Farfesa ya karɓa da hannu biyu, in mun koma ya ce, "Madalla, Baffa. Allah ya ƙara lafiya." Baffa ya jira sauran maganar, ba ta zo ba. Muna cikin adaidaita sai ya ce mini, "Bai sallame ni ba, Abba. Akwai abin da ya rage." Sai ya koma lunguna neman abin da ya rage. Ya ƙara babi kan bishiyar da reshenta ya tsallaka katanga. Ya ƙara kan tagar bene mai leƙa tsakar gidan wani. Ya ƙara kan hayaƙin janareto. Ni kuma ina ta bugawa, har yatsuna suka haddace kalmar indararo.

Kundi ya ƙi shiga jaka, muka koma buhu. Takardu suka cinye ɗakinsa, suka tsallaka kabad ɗin Umma, aka sauke mata kwanukan da take ji da su tun na aurenta. Waɗanda suka fara tare da shi suka gama. Wata da ta same shi a can ta gama, ta yi aure, ta haihu, Baffa ya je suna. In aka tsokane shi da Dakta a ƙofar masallaci sai ya tsaya cak, ya ɗaure fuska ya ce, "Ba a ba ni ba tukuna. Kada ka sa mini rigar da ba tawa ba." In kuwa aka tambaye shi yaushe zai gama, amsarsa ɗaya ce, a tambayi malaminsa.

Sai ciwo ya fara taɓa shi, hawan jini da na suga, ƙafa ta soma kumbura. A lokacin ne kuma jami'a ta ce wa'adin da take ta ƙara masa ya ƙare, in bai miƙa kundi a zangon nan ba za a cire sunansa. Na tafi wajen Farfesa ni kaɗai. Na ce don Allah ya faɗa mini gaskiya, me ya rage a aikin nan.

Ya cire tabarau ya ce, "Babu. Aikin Baffa ya kammala tun damina uku da suka wuce. Abin da yake ƙarawa ma sai an rage."

Na ji kaina ya ɗau zafi. Na ce, "To me ya hana ka gaya masa?"

"Ni? In dubi Baffa in ce masa ya isa haka? Na ga yana ta kawo ƙari, na ce ko bai gamsu ba ne. Jira nake ya ce ya gama, in sa hannu."

"Shi kuma jira yake ka ce ya gama!"

Ya ce a hankali, "Kai ba ka sani ba ne. Mutumin nan shi ya riƙe ni ranar da wanzami ya zo yi mini kaciya."

Farfesan nan fa mutum ne da ke rubutu ya ce manyan alƙalai sun yi kuskure, ko a jikinsa. Na fito ban yi masa sallama ba.

Na tarar da Baffa a kan tabarma yana rubuta sabon babi kan kajin da ke shiga gidan maƙwabci su yi ɓarna. Na zayyana masa komai, ina zaton zai yi murna. Ko biro bai ajiye ba.

"Shi ya aiko ka?"

"A'a, amma da bakinsa ya faɗa mini."

"Kai ya faɗa wa. Kai ne ɗalibin?"

"Baffa, za su cire sunanka!"

"In sun cire sun cire. Ba a karɓar izini a bakin ɗan aike, balle wanda ba a aika ba."

Ranar na ɗaga murya a gabansa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce kunyar nan tasu ta ishe ni, ba zan ƙara buga masa ko harafi ɗaya ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Abba, ka ci sunan babana, amma ba ka ci haƙurinsa ba." Muka ɗau lokaci daga gaisuwa sai gaisuwa. Duk da haka kullum da safe sai ya aiko wa 'ya'yana ƙosai kamar yadda ya saba. Har yau ban ga laifina a rigimar nan ba, ba na kuma jin zan gani.

Na matsa wa Farfesa har ya yarda ya zo gida ya faɗa. Ya zo wata Asabar da kwandon lemo. Baffa ya sa aka ɗauko buzun da Malam ya bar masa, wanda ba mai zama a kai, aka shimfiɗa. Farfesa ya ga buzun mahaifinsa, ya ƙi hawa, ya raɓe a gefe. Suka yi hirar damina, suka yi hirar waɗanda suka riga mu, Umma ta aiko da dambu. Ina ta yi wa Farfesa ido, shi kuma yana ta kallon azarar rufi. Aka kira la'asar, ya ce zai koma. Na raka shi bakin titi, yana shiga adaidaita ya ce mini, "Na kusa faɗa." Ban amsa ba, don abin da ke bakina ba na faɗa wa farfesa ba ne.

Umma ce ta raba gardamar. Jikin Baffa ya yi tsanani, ko masallaci ba ya iya fita. Ta ce in kira mata ɗan Malam, in ce ita ke kira. Ya zo, ya sake raɓewa a bakin ƙofa, ya fara ya jiki, sai Umma ta ɗaga labule.

"Kai, ɗan Malam. Ina amarya na sha yi maka wanka a gidanku, ni ba a yi mini wannan noƙe-noƙen. Mutumin nan ka gan shi, ba ƙarfi gare shi ba. Takardu sun kore ni daga ɗakina, ruwa ya kore ni daga madafa. In akwai maganar da ubanka yake faɗa wa ɗalibai, ka hau buzun nan ka faɗa, ko in zo in ɗora ka."

Ya hau. Ya sunkuyar da kai ya yi wata magana da ni da ke kusa da shi ma ban ji ba.

Baffa ya ce, "Allah gafarta Malam, kunnena ya yi nauyi. Kuma Malam in zai yi magana ɗalibi yake duba, ba tabarma ba."

Farfesa ya ɗago, gumi har wuyan riga. Ya yi magana da muryar da yake yi wa sauran ɗalibansa. "Aikinka ya kammala. Na sallame ka. Kada ka ƙara ko layi ɗaya. Babin kaji ma a cire shi."

Baffa ya lumshe ido ya ce alhamdu lillahi, ya sake maimaitawa. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa zuwa kunne. Tausayinsa ya kama ni har na manta da fushina. Sai ya juyo ya dube ni ya ce, "Ka gani, Abba? Da ka yi haƙuri."

Na tashi na fita tsakar gida, don in na zauna zan yi saɓo.

Washegari Baffa ya sa Umma ta yi waina aka raba a unguwa, kamar yadda ake yi in yaro ya yi sauka. Farfesa ya sa hannu, na kai kundi da kaina, aka sa ranar da Baffa zai kare shi a gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Baffa ya aika aka yanko shadda, aka kai ɗinkin babbar riga. In na dawo daga makaranta sai in zauna gabansa in zama mai jarrabawa. In yi tambaya, ya amsa yana kwance, in na yi tambayar banza ya ce in sake, ba haka masu ilimi suke tambaya ba. Ban taɓa jin daɗin zama da shi ba kamar a kwanakin nan. Rigar ta dawo daga wajen maɗinki, ya shafa aikin wuyanta, ya ce a rataye masa inda zai riƙa gani. Ranar kare kundin ba ta zo ta same shi ba. Wata safiya ya sha kunu, ya ce zai ɗan kishingiɗa, rai ya yi halinsa.

Ana ta ce mini haka Allah ya ƙaddara, na kuma yarda. Amma ba zan ɓoye ba, duk sanda na ga rigar nan a rataye sai daminar nan uku su dawo mini. Da ɗayansu ya buɗe baki, da Baffa ya sa rigarsa ya tsaya gaban mutane ya yi bayanin indararo son ransa. Ina kewarsa, ina kuma jin haushinsa, ban san yadda ake raba su ba.

Ranar addu'ar uku zaure ya cika har lungu. Limamin unguwa, wanda ya girmi Baffa kansa, ya ɗaga hannu ya fara, "Allah ka jiƙan bawanka Dakta..." Sai aka ji murya daga wajen takalma.

"Allah gafarta Malam, a gyara."

Kowa ya waiga. A birnin nan ba a katse liman, balle tsoho, balle yana tsakiyar addu'a. Farfesa ne, ya miƙe a kan gwiwoyinsa. Wannan karon bai sunkuyar da kai ba.

"Ba Dakta ba ne. Ba a ba shi ba, kuma da yana nan ba zai karɓa ba. Ɗalibina ne. Ya gama, ni na sallame shi."

Liman ya daɗe yana dubansa, sannan ya sake ɗaga hannu ya ce, "Allah ka jiƙan wannan ɗalibi." Amin ɗin da aka amsa har cikin gida aka ji shi, na jiyo Umma ta fashe da kuka.

Na juya wajen Farfesa da niyyar in ce masa sai yanzu bakin ya buɗe. Na shirya maganar tsaf. Muna haɗa ido na ga shi ma abin da yake faɗa wa kansa ke nan. Na matsa na ba shi gefen tabarmata. Wannan karon ya hau.

Allah ya yafe wa Baffa, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da malaminsa a inda babu jira. Mu da ya bari, Allah ya ba mu haƙurin da ya ce ba mu da shi.

Damina ta sake kamawa, ruwa ya fara kwanciya a ƙofar madafa. Shekaranjiya na ga Umma tsaye a ciki da tsintsiya tana kora shi, na ce mata bari in kira magini a mayar da indararon inda yake da. Ba ta ko ɗago ba. Ta ce duk wanda ya taɓa shi zai gamu da ita.